Rigar Hedimasta Ta Shiga Bidiyo

Ni mai wanki da guga ne, kuma ba yabon kai ba, a layinmu babu wanda ya taɓa cewa na ɓatar masa da ko hankici. Shagona ɗan ƙarami ne. Teburin guga a gaba, dogon ƙarfen rataye kaya a gefe, sai wani ɗaki a bayan labule inda nake ajiye sabulu da sitati. Kowace hanga da ke kan ƙarfen nan akwai 'yar takarda manne da ita. Ba na rubuta suna, don sunaye ruɗa ni suke yi. Sana'a nake rubutawa: Direba, Mai aski, Na banki, Hedimasta. A wurina sai mai abin yi ne kayansa ke hawa ƙarfe. Kayan gida kuwa, na yara da na ƙanina Auta, a kwando suke zuwa, a kwando suke komawa.

Autan ne ya jawo maganar. Yana aikinsa lafiya lau a wani kantin kayan gini, albashi na shigowa duk wata, rana ɗaya ya zo ya tsaya mini a kai ina yayyafa wa wando ruwa, wai ya ajiye aiki.

"Ka ajiye ko an ajiye ka?"

"Ni na ajiye, Yaya. Bidiyo zan riƙa yi."

"Bidiyon me?"

"Gyare-gyaren gida. Famfo, fanka, soket, ƙofar da ta ƙi rufuwa. Mutum ya kalla a wayarsa ya gyara da kansa. Ai na daɗe ina yi jefi-jefi, yanzu so nake ya zama sana'ata."

"Wa zai biya ka?"

"Masu talla, in masu kallo suka yi yawa."

Na ce masa sannu da ƙoƙari, na ci gaba da gugata. Da ni kaɗai ne da maganar ta mutu a nan, amma ya riga ya bi ta wurin tsohuwarmu. Ita ta kira ni ta ce gida hayaniyar yara ta yi yawa, in ba shi ɗakin bayan shago ya gwada sa'arsa. Uwa ta yi magana, me zan ce? Sai dai na kafa masa sharaɗi a gabanta, don kada gobe a ce ban faɗa ba.

"Ranar da wasan nan naka ya taɓa kayan mutane, ko ya ɓata ni da mai kawo wanki ko da ɗaya ne, ka tattara ka koma kantinku."

Ya ce ya ji ya yarda.

Ya shafe bangon ɗakin da farin fenti, ya tura buhunan sabuluna kusurwa, ya kafa wayarsa a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku. Daga nan shagona ya zama gidan surutu. Sai ka ji daga bayan labule, "Sannunku da zuwa, yau famfo ne ke ɗiga." Shiru. "Sannunku da zuwa, yau famfo ne ke ɗiga." Shiru. A sake. Wata mai kawo zannuwan gado ta taɓa rage murya ta tambaye ni ko mara lafiya muka ajiye a ciki.

Gaskiya ɗaya ce, yaron bai zauna ba. In ba ɗauka yake ba yana yankawa yana haɗawa, in ba haka ba yana amsa tambayoyin masu kallo ɗaya bayan ɗaya. Da tafiya ta yi tafiya ya sayo fitila mai zagaye, sannan wani mai sayar da filaya da sukundireba ya fara biyansa don ya riƙa nuna kayansa. Maiɗakina kullum da labari: "Ka ga mabiyan Auta kuwa? Zo ka kalli na jiya." Ni kuwa na ƙi. Na riga na ce wasa ne, kuma ban ga dalilin da zan ƙona datata a kan wasa ba.

Rana ɗaya a mako nake fita kasuwa sayen sabulu da kai wa mutane kayansu, sai in bar masa tsaron shago. Abin da ya burge ni, duk ranar da na dawo sai in tarar da dutsen guga da ɗumi, rigunan kan ƙarfe sun ƙara miƙewa, kwala tsaye cak. Har yaba masa na yi a gaban tsohuwa, na ce ko ba komai yaron nan ya fara tausayina. Maiɗakina da ke gefe ta ƙware da ruwan da take sha, ta fita waje tana tari. Ban kawo komai a raina ba.

Wata safiya ina kan gugar wandon Mai aski sai ga Hedimasta. Ya daɗe da yin ritaya, amma har yau in ya shigo layi manyan mutane kan gyara tsayuwa, don rabinmu ta hannunsa muka bi. Ya shigo riƙe da waya a gabansa kamar yadda yake riƙe bulala a da.

"Mai guga, ina rigata?"

"Ga ta nan, ranka ya daɗe, tun shekaran jiya take jiran ka."

Na sauko da ita. Shuɗiya ce mai ratsin fari, ta tsufa amma an kula da ita, duk maɓallanta farare ban da guda ɗaya kore a ƙirji. Ya dube ta, ya dube ni.

"Tun da na kawo ta nan take rataye?"

"Ina za ta, ranka ya daɗe? Riga ai ba ta da ƙafa."

"To wannan fa?"

Ya miƙo wayar. Auta ne kwance rigingine a ƙarƙashin wani kwanon wanke hannu, sifana a hannu, yana washe baki yana bayani. Shuɗiyar riga mai ratsin fari a jikinsa, koren maɓallin nan yana kallona.

Na ja yatsa sama, wani bidiyon ya fito, Auta a kan tsani yana kwance fanka cikin jar rigar Direba. Na sake ja, ga shi yana canza soket cikin ta Mai aski mai aljihu biyu. Na sake ja, ga rigar mai shagon magani. Rigunan nan na san su kamar 'ya'yan cikina, na san wadda ke zuba da wadda ba ta son zafi. Rabin layinmu na gani a jikin ƙanina.

Na fizge labule. Yana tsaye a gaban fitilarsa, sama farar shat ta Na banki, ƙasa gajeren wando da silifas, don waya ba ta ɗauko ƙafa. Ya mance ne cewa yau ba ranar kasuwa ba ce, ko kuwa sabo ne ya yi masa yawa, oho.

"Sannunku da zu..." Ya ganni, ya ga Hedimasta a bayana, maganar ta maƙale.

"Ƙarasa mana," na ce. "Ga mu mun zo."

Nan take ya fara bayani. Wai haka masu sana'ar suke yi, bidiyon mako guda a yini ɗaya ake ɗauka, sai dai kowanne a canza riga don masu kallo su ɗauka ranaku ne daban-daban. Shi kuma rigunansa na kirki uku ne, har wani ya rubuta masa a ƙasan bidiyo cewa ko za a haɗa masa kuɗin riga. "Na ɗan lokaci kaɗan ne, Yaya. Ina cirewa nake gogewa in mayar."

"Ashe tausayin da kake mini ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don amana ce kaɗai jarina. Na ce, "Ka tuna abin da muka yi a gaban tsohuwa. Tattara."

Na zaci zai roƙe ni. Bai roƙa ba. Ya cire shat ɗin a hankali ya mayar kan hanga, ya kashe fitila, ya durƙusa ya fara naɗe ƙarfen mai ƙafa uku. Wallahi da gardama ya yi da ta fi mini sauƙi.

"Ban sallami kowa ba," in ji Hedimasta. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora rigar a cinya. "Kai Auta, ka san rigar nan yanzu ba ta shiga jikina?"

Ya shafa tumbinsa. Ni ma sai a lokacin na lura, ko hannu ɗaya ba zai shiga ba.

"Marigayiya matata ce ta saya mini. Maɓalli ya tsinke ina saurin zuwa makaranta, ta rasa fari ta ɗinka kore, na yi ta faɗa, ita tana dariya. Ina kawo ta wanki ne kawai don kada ta yi warin akwati." Ya juya wayar a hannunsa. "'Yata tana aure a gari mai nisa. Tun rasuwar uwarta in ta kira ni, ina kwana Baba, lafiya lau, a kashe. Ni ba na iya ambaton uwar, ita ma ba ta iyawa. Yau da safe famfonta ya lalace, ta nemi yadda ake gyarawa, ta faɗa kan wannan ja'irin. Sai ga kira: Baba, wa ka ba rigar da Mama ta saya maka mai koren maɓalli? Daga nan muka ɓalle. Labarin maɓalli, labarin ranar da ta ƙona mini wando, har shayina ya huce ban sani ba. Rabon da in ji dariyar yarinyar nan na manta."

Ya share ido da bayan hannu, sannan ya haɗe fuska, hedimastan ya dawo.

"Amma laifi laifi ne. Duk wanda ka sa rigarsa, za ka je ka same shi ka faɗa masa da bakinka. Kai kuma mai guga ka raka shi, tunda kai ne mai shagon da ba ya duba abin da ake yi a bayan labulensa."

Haka muka bi layi, shi a gaba ni a baya. Direba ya yi dariya har da riƙe mota, ya ce tasa ta fi ta kowa fitowa, me ya sa sau ɗaya kawai aka sa ta? Mai aski ya ce ya daɗe da gani, shiru ya yi don yana nuna wa masu zuwa aski. Mai shagon magani ya yi mana wa'azi mai tsawo sannan ya yafe. Na banki kuwa bai yi dariya ba. Ya saurara har ƙarshe, ya aiko aka kwashe kayansa, bai sake kawowa ba. Gaskiyarsa ce, kuma abin ya yi mini ciwo, don mutum ne mai yawan fararen kaya.

Sharaɗi dai ya cika ta kowane gefe. Auta ya ɗaure kayansa a kwali ya ajiye bakin labule, ya ce washegari zai je ya ga mai kantin ko gurbinsa na nan.

Da safe na riga shi zuwa shago. Kafin dutse ya yi zafi na zauna da wayar maiɗakina, na ce bari dai in ga abin da ya ci mini Na banki. Na kalli na famfon. Yaron da ko aike ba ya iya maimaitawa daidai, ga shi yana bayani dalla-dalla, yana nuna inda hannu zai riƙe, yana cewa kada a ji tsoro, a fara rufe ruwa tukuna. A ƙasa mutane sun yi ta rubutu. Wata ta ce ita kaɗai ce da yara a gida, yau ta gyara famfonta da kanta. Wani ya ce fankarsa ta tashi. Wata kuma ta rubuta, "Na gode, kuma a gaida mai rigar." Na kalli na fanka, na kalli na ƙofa. Sai da na ji ƙaurin zanin teburi sannan na tuna da dutse.

Kwandon gida na nan a ƙasa, rigunansa uku a ciki. Na ɗauko su na ba su sitati, na goge su guga irin ta Na banki. Na haɗa da nawa guda biyu da nake ji da su, duk da na san za su yi masa yawa.

Ya shigo ya gaishe ni ƙasa-ƙasa, ya sunkuya zai ɗauki kwalinsa.

"Ajiye wannan," na ce. "Je ka ɗauki kayanka, ka tare mini hanya."

Ya nufi kwando.

"Ba nan ba."

Ya ɗaga kai ya bi ƙarfen da kallo. Direba, Mai aski, Hedimasta. A gurbin da Na banki ya bari, riguna biyar ne rataye, da sabuwar takarda manne a hanga. Ya matsa kusa ya karanta: Mai bidiyo.

Ya daɗe tsaye, ya juya mini baya, yana ta gyara kwalar da ba ta karkace ba.

"Yaya," ya ce, "waɗannan biyun ai sun yi mini girma."

"Ka soke a wando, waya ba ta ɗauko ƙasa. Kuma duk wanda ke kan ƙarfen nan biya yake yi, kada ka ce ban faɗa maka ba."

Ya kwashi rigunan da kwalinsa ya shige bayan labule. Jim kaɗan fitila ta kama, na ji ya gyara murya.

"Sannunku da zuwa."