Tuwon Mai-gemu

Inna ta daina cin abinci tun ranar da Barakatu ta tuƙa mata tuwo da shinkafa 'yar waje. Ban ga laifin Barakatu ba. Matata ce, kuma ta yi iya yinta: ta dafa, ta tuƙa, ta sake tuƙawa har muciya ta nemi karyewa, amma shinkafar nan ta ƙi haɗa kai, kowace ƙwaya na zaman kanta kamar 'yan jam'iyya bayan zaɓe.

Inna ta taɓa da yatsa, ta ture kwanon.

"Rabo, wanga ba tuwo ba ne. Mai-gemu nika so."

Mai-gemu ita ce shinkafar da muke shukawa a fadamarmu ta Mabai tun zamanin kakana. Ja ce, gajeruwa, kowace ƙwaya da dogon tsinke a kanta, shi ya sa tsuntsu ba ya son ta. Ba ta da auki, ba ta da kyan gani a faranti, amma in aka ɗora ta a wuta, maƙwabci na uku sai ya tuna yana da magana da maigida.

Gwamnati ce ta kashe ta, kuma har sau biyu, ba tare da ta taɓa jin sunanta ba. Da aka rufe boda, shinkafar gida ta yi daraja, masu injin casa suka ce doguwa fara suke so, mai kama da ta waje. Kowa ya watsar da irinsa ya karɓi nasu. Ni ma a shekarun nan na yi tumbi, har aka fara kirana Alhaji alhali ko Katsina ban cika zuwa ba. Ana nan sai aka buɗe ƙofa, aka sauƙaƙa haraji, jiragen ruwa suka sauke ta wata ƙasa da ban san gabas ɗinta ba. Farashin tamu ya faɗi, na taki ya ƙi sauka. Mutane suka koma masara da waken suya. Tumbin ya tafi, Alhajin ma ya bi shi. Muka tattaro muka dawo cikin Ƙanƙara saboda halin rashin tsaro da ƙauye ke ciki, ina zuwa gona in hanya ta yi daɗi.

Na fita neman Mai-gemu. A Ruwan Godiya na sami Mas'udu, abokina tun muna samari, yana jingine da buhunan masara.

"Mai-gemu? Kai Rabo, ashe kana raye? Ai mai gemu ɗaya ya rage a ƙasar nan, kai ne, kai ma ba ka tuƙuwa."

Ya tura ni Damari, wurin Malam Audi, wanda aka ce ba ya jefar da komai, har da tsohon takalmi. Malam Audi ya saurare ni, ya girgiza kai.

"Bara waccan na ba wani mudu guda ya shuka ya maido mini da kaka, yadda aka saba. Ya ce farashi ya karye, bai shuka ba, ya dafa. Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa."

Na dawo hannu rabbana. Inna ta ƙara ramewa, kunu ma sai da lallashi.

Akwai wani tulu a ƙarƙashin gadonta, an toshe bakinsa da laka. Tiya ɗaya ce ta Mai-gemu a ciki, an cuɗe ta da toka saboda ƙwari. Ita ta ɗauko shi a kanta ranar da muka baro Mabai, ta bar akwatin kayanta. Tun ina yaro take faɗa mini: ko yunwa za ta kashe ka, ba a cin iri. Ga shi damina ta kusa. In na shuka, sai kaka, kuma wanda ya dubi wuyan Inna ba zai yi mata lissafin kaka ba. In na daka, daga ranar Mai-gemu ta zama labari.

Barakatu ta ce, "Malam, iri dai ba ya kiranka ɗana."

Da hantsi, Inna na gyangyaɗi a inuwar darbejiya, na janyo tulun na fasa lakar. Na raba biyu, irin adalcin matsoraci. Barakatu ta kai rabi gidan maƙwabta ta cashe, don kada tsohuwa ta ji turmi. Ta yi miyar kuka da man shanu. Tuwon ya fito ja-ja, sumul, ya zauna a kwano kamar mai gida.

Inna ta gutsura ta kai baki. Ta daɗe tana juya shi. Ta ƙara loma. Ni kuwa na tsuguna gefe ina jiran albarka.

"Ba ita ba ce," in ji ta.

"Inna, wallahi ita ce."

"Mai-gemu in ta shigo gida, ƙamshin fadama taka zo da shi. Babanku shina shigowa da dami a ka, ƙafa duk taɓo, tun daga zaure nika jin ta. Wagga warin tulu take, tsohuwa ce kamata." Sai ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakinta. "Tulu? Rabo, mi ka taɓa?"

Na sunkuyar da kai. Mutum da furfura a gemu, ga shi yana zanen ƙasa da yatsa.

"Rabi ne kawai, Inna."

"Rabi! Ɗan nema, gwamnati ta ci nata, kai ma ka ci naka." Ta ja kwanon kusa da ita. "To tunda an riga an yi ɓarna, ba a zubarwa." Ta cinye tas, har ta suɗe yatsu, tana ci tana faɗa. Barakatu ta juya baya, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya ba ce.

Da ta wanke hannu ta ce, "Ragowar, ruwan farko ka tahi Mabai ka zuba ta wajen gindin giginya, nan ruwa ka kwana. Kada ka sa mata takin zamani, ba ta san shi ba. In ta nuna ka kawo mini sabuwa, ni zan hwaɗa maka ko ita ce."

"Sai kaka fa, Inna."

"Na san lokacin da shinkafa ka nuna tun ba a haife ka ba."

Na shuka. Irin ya kwana biyu a tulu, ba duka ya tsiro ba, layin ya fito giɓi-giɓi kamar haƙoran Malam Audi. Mas'udu ya ce ni kaɗai ne mahaukacin da ke noman shinkafa bana, alhali ta waje ta cika kasuwa. Ban musa ba.

Duk ranar da na dawo daga Mabai, tun kafin in jingine babur nake jin muryarta daga inuwar darbejiya.

"Ta fidda gemu?"

"Da saura, Inna."

"To. Barakatu, miƙo mini kunun nan."