Sun Wanke Rigar Auta

…kuma har da guga. Wanki bai ishe su ba, sai da suka bi ta da dutsen guga, suka ninke hannuwanta baya, suka zura ta a leda kamar yanzu aka sayo ta. Ga ta a cinyata. Rigar aikinka, Auta — shuɗiyar nan mai yagaggen aljihu, wadda ka cire ka rataye a bayan ƙofa ranar da ka ce kanka yana sarawa, za ka ɗan kwanta. Ba ka sake sa ta ba. Shekara da shekaru ban bari ruwa ya taɓa ta ba. Yau ga ta tana ƙamshin sabulu.

Ba zan tashi daga bencin nan ba sai an yi mini bayani. Wa ya ba da umarni? Wa ya aikata? Da izinin wa? Tambayoyi ne masu sauƙi, ɗan aji uku zai amsa su. Yarinyar da ke karɓar baƙi ta ce, “Baba, ka ɗan jira, mai ba da shawarar tana tare da wani.” Ta faɗa idonta a kan waya. A ajina da ta miƙe tsaye kafin ta buɗe baki… Agogon bangonsu ma ya tsaya, hoton tafkin da suka rataye ya karkace. Gidan da ba a iya daidaita hoto, wai nan ake daidaita zukata.

Yayarka ce ta kawo ni. “Baba, ka rame, ka daina fita, kullum kana ɗakinsa. Mu da muka rage ba 'ya'yanka ba ne?” Ta kai ni wurin likita, ya ce baƙin cikina ya wuce lokacinsa. Ya wuce lokaci! Kamar ɗalibin da aka kaɗa ƙararrawa bai miƙa takardarsa ba. Wa ya yanka lokacin? Ya taɓa binne ɗa? Ƙwayoyinsa suka nauyaya mini harshe, na zubar. Sai ta ce to a gwada wata hanya, akwai wani gida da ba a ba da magani, magana ake yi…

Wai a koya mini numfashi. Ni da nake yinsa tun kafin a haifi uwar mai koyarwar. Ja, riƙe, saki. Daga nan aka ba mu yumɓu — tsofaffi a jere kamar 'yan rabin aji, kowa yana cuɗa ƙasa. Wani tsohon direba kusa da ni ya gina kofi yana kuka a ciki. Ni ban yi niyyar gina komai ba. Da na duba, sifanar kwance noti irin ta garejinku ce a hannuna. Na murƙushe ta.

Baƙin mai. Fetur. Gumi a wuya, nan wajen kwala. Da wannan turaren naka mai arha da kake fesawa a kai, kamar zai rufa asiri. Kana shigowa zaure na san kai ne tun ban ɗaga kai ba. “Je ka yi wanka kafin ka zauna mini a tabarma.” Kai kuma ka buɗe hannuwa kamar za ka rungume ni: “Haba Hedimasta, turaren ma'aikata ne. Zo in shafa maka, ka daina warin alli.” Uwarka tana dariya har da riƙe ciki, ni ina kare farar rigata da jarida…

Na buɗe ledar. A'a. Na rufe. Babu komai a ciki sai yadi.

Haƙuri za su ba ni, na sani. Kowa haƙuri. An cika mini ɗaki da haƙuri har ba wurin sa ƙafa. Ni gyara nake nema. A makaranta idan yaro ya fasa gilashin taga, a kira ubansa, a sa sabo, magana ta ƙare. Wanda ya yi kuskure shi ke yin gyara, a rubuce, a ƙarƙashin jan layi. Haka na rayu. To su gyara. Su mayar mini da — su mayar da me? Gareji za su kai ta su goga mata baƙin mai? Na wa? Gumin wa?

Ita ce ta ce in kawo ta. Mai ba da shawarar, yarinya ƙarama, sa'ar yayarka, mai magana a hankali kamar tana tsoron tayar da jariri. “Baba, mako mai zuwa ka zo da wani abu nasa.” Na naɗe ta a tsohon zanen uwarka, na riƙe a ƙirji a cikin mota, ban bari kowa ya goge ni ba. Ta jawo kujera gabana, ta rataya rigar a jikin kujerar. “Ka yi masa magana.” Na ce 'yata, ni ba na hira da katako. Ta iya jira, wannan kam na ba ta makinta. Sai kafaɗar rigar ta hagu ta zame ƙasa kaɗan… yadda kake tsayawa idan ina yi maka faɗa, kafaɗa ɗaya a sauke, kana jiran in gama.

Da faɗa na fara. Me ya sa ba ka ce ciwon ya yi tsanani ba? Wane irin sakarci ne mutum ya ji motar wani tana tari daga nesa, nasa kan bai ji ba? Na yi ta yi. Ban san lokacin da faɗan ya koma wani abu dabam ba. Na gaya maka abokan aikinka har yanzu suna gaishe ni a hanya. Na gaya maka janareton gida ya mutu, ban yarda kowa ya taɓa shi ba. Na ji kamar ka ce, “Fulogi ne, Hedimasta, ba jarrabawa ba,” na yi dariya. Dariya, a gaban 'yar mutane, hanci yana zuba.

Ga mai shara nan da bokitinta. Ta tsaya. Tana kallon ledar, fuskarta duk murmushi.

“Sannu Baba. Ta fita tas ko? Sai da na jiƙa ta, man nan ya ci jikinta ba kaɗan ba.”

Ga mai laifin. Ga hannuwan, duk sabulu ya cinye su. Yanzu ne zan miƙe, in gyara tabarau, in fara… Ta wuce tana jan tsumma. A kan kujera ta same ta, riga mai datti ba mai ita, ta yi abin da kowace uwa za ta yi.

A kan kujera. To me take yi a kan kujera bayan na tafi? Hakkinsu ne su tuna mini. Ya kamata wani ya biyo ni da ita, ya kamata — na fita ranar, iska ta buge ni. Na tsaya wurin mai lemo, har na yi masa tsiya kan lemonsa duk ɓawo. Na ci abinci na nemi ƙari, yayarka tana kallona kamar baƙo. Na wuce ƙofar ɗakinka… na wuce. Na yi barci. Washegari ma haka. Ƙusar da ka rataye ta tana nan a bayan ƙofa, tsirara, ban leƙa ba.

Su suka kira ni. Yarinyar can mai waya. “Baba, ka bar riga a wurinmu.”

Ƙofar ofis tana buɗewa. Ana cewa Baba, bismillah, shigo. Ina nan a bencin, ledar a cinyata.

Ranar da ta kira, na ce mata — da bakina, Auta, ba wanda ya sa ni —

na ce, “Wace riga?”