Maɓallin Tauraro

Ni Raliya maɓalli nake sayarwa, kuma duk wanda ya raina sana'ar nan ya gwada shiga kasuwa da wando ba maɓalli. Shekara shida ina Guangzhou ina tura kaya gida. Babbar odata ta sojan ƙasarmu ce, maɓallin tagulla mai tauraro, wanda Laoban Wu, wato Maigida Wu a yarensu, ke zuba min a 'yar masana'antarsa ta Xintang, bayan layin masu wankin jins. Ba zan kama sunan ƙasar ba, ina da sauran dangi a can.

Tun da Jagora ya ƙwace mulki ya jefa mu yaƙi da maƙwabta, a takardar oda nake jin labarin gida. Shekarar farko ya kafa 'Yan Garkuwa, samari ɗari biyar masu baƙar riga, wai masu tsaron lafiyarsa. Aka nemi maɓalli dubu uku mai hoton dunƙulallen hannu. Na yi musu, ba zan wanke kaina ba. Shekara ta biyu dubu sittin. Ta uku suka ce a sa ruwan zinare, domin yanzu suna da janar-janar nasu, da kurkukunsu, da tankokin da sojan bakin daga ke roƙo ba a ba shi. Odar tauraro kuwa kullum raguwa take yi. Daga ƙarshe har ofishin fasfo ya koma hannunsu.

Nan abin ya taka ni. A bazarar da aka yi wasannin Olympics a nan biza ta yi wuya, 'yan sanda na tare baƙi a titi suna duba takardu. Fasfona ya cika, na aika ofishin jakadancinmu a ba ni sabo, wata huɗu shiru. Saura kwana tara bizata ta mutu aka bugo min waya cewa wani babba daga gida na son ganina a masana'anta.

Babban nan Sharif ne. Ɗan kamasho ne a tashar unguwarmu, sau nawa mahaifiyata ta zuba masa tuwo a murfin kwano. Yanzu ga shi ya yi wuya, ya sa baƙar kwat a cikin zafin Agusta, gumi na bin ƙeyarsa.

"Yaya Raliya," in ji shi, "yanzu Kwamanda ake ce min."

"Sannu da zuwa, Sharif. Ya su Inna?"

Ya yi kamar bai ji ba. Laoban Wu ya zuba mana shayi, Sharif ya zaro sabon fasfona daga aljihu ya ajiye kusa da kofinsa, ya ɗora yatsa biyu a kai. Na kafe littafin da ido, domin shagona da kuɗin makarantar 'ya'yana biyu duk suna cikin ɗan littafin nan.

Buƙatarsa biyu. Daga Sallah soja duka zai koma ƙarƙashin Garkuwa, kowane soja zai yi rantsuwa ga Jagora ya sa maɓallin dunƙule, don haka yana son dubu ɗari huɗu. Ta biyu, a narkar da mazubin tauraro, ƙarfen da ake zuba tsohon maɓalli a ciki, don kada wani ya sake yin irinsa. Sai dai a Xintang mazubi na wanda sunansa ke jiki ne. Ko gwamna ya zo, laoban ba zai taɓa shi ba sai mai shi ya sa hannu, in ba haka ba babu baƙon da zai ƙara amince masa. Sunana ne a jikin ƙarfen.

"Signing kawai, Yaya, ki ɗauki passport ɗinki."

Wallahi na riga na ɗauki biro. Na ce wa raina ƙarfe ne kawai, in ban yi ba wani zai yi. Sai sana'a ta ja bakina, na tambaye shi girman da yake so, domin ba a karɓar oda ba samfur. Ya ce daidai na soja, ya kwance wani ƙullin hankici ya zazzage maɓallan tauraro kusan ashirin a kan tebur.

Ba sababbi ba ne. Yanke su aka yi daga jikin riga da reza, kowanne da guntun zare a gindinsa. Na juya su ɗaya-ɗaya kamar yadda na saba, sai na ga wani da koren zare, an murza shi da kakin zuma, an naɗe gindin sau bakwai. Babanmu tela ne a bariki, haka yake ɗaura maɓalli, kuma mutum biyu ya koya wa, ni da ƙanena Dogara, kyaftin ɗin da wata uku ke nan wayarsa ba ta shiga.

"Ina mai wannan rigar?"

"Waɗanda suka ce ba za su yi rantsuwa ba ne. Muna tsare da su."

"Da ransa?"

Ya kurɓi shayi. "Wannan ba department ɗina ba ne."

Tsoron da nake ji ya tafi, baƙin ciki da fushi suka cika wurin. Ya ci tuwon gidanmu, ya tsallako teku da maɓallin rigar ƙanena a ƙulle a hankici, wai samfur. Na ajiye biron.

"Laoban," na ce da guntun yarensu da na iya, "mazubina yana nan lafiya?"

Wu ya gyaɗa kai.

"Wannan mutumin yana son sa hannuna. Faɗa masa yadda kuke cewa babu."

Wu ya dubi Sharif, ya dube ni, ya ce a hankali, "Meyo."

Sharif ya miƙe har kujera ta faɗi. "Kin san me kike yi? Gobe zan samu factory goma su yi min!"

"Je ka samu. Dunƙule ko makaho ya zana maka. Tauraro ne ba za ka narkar ba."

"Kwana tara ya rage miki a ƙasar nan. Bayan haka ke ba 'yar ko'ina ba ce. In suka maido ki gida, mu ne a airport."

"To ka je da wuri ka samu wurin zama."

Ya mayar da fasfon aljihu. Na bi fasfon da ido har ya shige, na san ba zan ƙara ganinsa ba, na san daga mako mai zuwa sai ɓuya a bayan buhunan zif duk lokacin da ɗan sanda ya gifta. Ya fara tattara maɓallansa, na dafe na koren zare da tafin hannuna. Ya kalli ma'aikatan Wu da suka tsayar da inji suna kallonmu, ya bar min shi.

Bai kai ƙofa ba na ɗaga murya yadda zai ji.

"Laoban, a hura wuta. Ina son tauraro dubu goma, girman wannan."

Wu ya juyo gare ni. Ya san babu sojan da zai ƙara saye. "Customer wa?"

"Suna kurkuku," na ce. "In sun fito za su tarar da rigunansu ba maɓalli."