Damana a Kowane Saƙo

…alama ɗaya fa, Ibrah, ɗaya tak ta yi yawa. $$gari na rubuta inda ya kamata in sa $gari. Kai ka koya mini makro ɗin nan kafin ka koma Yamai: shiri ne mai rubuta wani shiri, shi kuma ya rubuta wa kowane manomi saƙonsa. Umarni cikin umarni, kamar baka cikin baka a rubutu. Ka ce alama ɗaya tana jira sai an zo kan mutum, sannan ta ɗauko garinsa. Biyu kuwa ba su jira — abin da suka tarar a waje shi za su kafe. Na ce na gane. Na gane ɗin?

Gwajina suka tarar. Damana. Don me ma na yi gwaji da Damana... garin Inna ne, shi ya fara zo mini a baki.

Saƙo ɗari shida. Sunan kowa daidai, rana daidai: zo ka karɓi irin gero a Damana. Mutanen Bonkuku, Damana. Na Kurfai, Damana. Buhu arba'in ne can. Sauran suna nan Filinge, a magazan, ɗakin ajiyar ƙungiyarmu ta manoma, bayan bangon da na jingina, suna jiran motar da za ta kai wa kowane gari nasa.

Ga ruwa ya sauka jiya. Yau ake shuka, gobe ma da dama-dama, jibi ƙasa ta bushe.

Waya kuma. Hauwa ce, mai rabon iri a Damana: "Samiratu, amalanke sun hi ɗari a ƙohwa. Mi zan ce musu?"

Me za ta ce? Tsoho Lawali na cikinsu, tun asuba ya taso, da ƙafar nan tasa mai ciwo — shi da ya tsaya gaban masallaci ya ce a yarda da waya, ɗiyar Zaidu ce ke aikowa, ba ta ƙarya...

Na goge alamar. Daƙiƙa guda. Na gwada: Bonkuku ta fito, Kurfai ta fito, tsaf. Yanzu? In ce su juya, cikin ranar nan, da jakan da ba su sha ruwa ba? Direban motar iri ya ce ruwa ya yanke hanya. Sau uku ina kiranka, Ibrah, ba ta shiga.

Yatsana na kan maɓalli. Ban san abin da zan ce musu ba... ban san ma ko za su sake buɗe saƙona ba.