Zanen da Ba a Ɗaga wa Yatsa

"To in haka ne, ai faɗan da matata ke yi mini kullum safe ma adabi ne!" in ji Mista Garae. Ofishin malamai ya kece da dariya.

Tica Roslin ba ta yi dariya ba. Tana tsaye da guntun alli a hannu, kamar ta jefe shi da shi. Shugaban makaranta ne, ba musu, amma kuma yayan mijinta ne, shi ya sa bakinta ba ya jin nauyinsa yadda ya kamata. Tawi take ce masa, wato suruki a harshen garin.

"Tawi, bar wasa. Bubu Viratu ba zai ga sabuwar doya ba, ka sani, na sani."

Bubu Viratu, wato kaka Viratu, tsoho ne maƙwabcinta, shingen furanni kawai ya raba gidajensu. A duk wannan gefe na tsibirin Pentecost, shi kaɗai ya rage da ya san zanen yashi na mai kwalekwale, wanda ake ja da yatsa ɗaya ana ba da labari. Ɗalibanta kuwa 'yan makarantar kwana ne, ba a fita da su sai don darasi. In zanen adabi ne, Roslin za ta kai masa ajinta. In ba adabi ba ne, zai tafi kabari da abinsa.

"Ina son zanen nan fiye da ke," in ji Garae, ya daina murmushi. "Amma so daban, darasi daban. Adabi shi ne abin da wani ya tsara, wani ya karanta. Wa ke karanta yashi? Kaji? In mai duba makarantu ya tarar da aji wayam, me zan ce masa?"

"In na nuna maka ana karanta shi fa?"

Ya dube ta, ya sosa ƙeya. "Gobe da safe. Darasi ɗaya. Kuma ƙafarki ƙafata."

Roslin ba ta jira ya sake shawara ba. Ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta gangara hanyar gonar gwaza da gudu kamar yarinya, zuciyarta fal murna. Ko gidanta ba ta shiga ba, ta ƙetare shinge.

Tsohon yana kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro, duk ya rame, sai idanu. 'Yarsa Jenita na gefe tana goga doyar da za ta yi laplap, abincinsu na gargajiya.

"Bubu! Bubu, an yarda! Gobe zan kawo maka yara!"

"Sannu, mai gudu. Me aka yarda da shi?"

"Za a gwada ko zanenka adabi ne."

"Wane ne shi kuma? Ɗan wane gida?"

Jenita ta tuntsire da dariya har doya ta faɗi. Roslin ta durƙusa ta shiga bayani, hannu sama hannu ƙasa. Ta ce magana ce da aka tsara da gwaninta, wadda mutane ke son adanawa. Tsohon ya saurara har ta gaji.

"Ku kira shi alade ma in kun ga dama," ya ce, "ku dai kawo yaran. Jenita, nemo mini farar rigar coci. Baƙi zan yi."

Washegari tsakar gidan ya cika maƙil. Yara sun yi da'ira, wasu a kan reshen mangwaro, maƙwabta na leƙe ta shinge. Garae ya tsaya daga baya da wandonsa mai guga, hannu a harɗe. Aka ɗaga Bubu aka jingina shi da gindin itace, rigar ta yi masa yawa. Ya share yashi da tafin hannu, ya ja layukan tsaye da na kwance, sannan ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani.

"Da zarar wannan ya sauka, ba ya tashi sai an gama. Wanda ya ɗaga, ya kashe labari."

Yatsa ya sauka. Muryar da jiya da ƙyar ake ji, yau har bakin hanya. Wani mutum ya tura kwalekwale zuwa teku, layi ya miƙe. Iska ta kore shi gabas, layi ya karkata. Ya hango hayaƙin gidansa, layi ya zagayo. Yaran sun saki baki.

Ana tsaka da haka hannun ya fara rawa. Yatsan ya tsaya cak a rabin zane. Tsohon ya cije, gumi ya keto masa, amma hannun ya ƙi gaba. Jenita ta taso.

"Baba, ya isa haka."

"Zauna! Roslin, sa yatsanki inda nawa yake, kafin in ɗaga."

Roslin ta matso. "Bubu, ban iya ba. Ko sau ɗaya ban taɓa ja ba."

"Kina da kunne? To ja."

Ta sa yatsa a jikin nasa, ya zare nasa a hankali, ya rufe ido. Bai ce mata dama ko hagu ba, labarinsa kawai ya ci gaba da bayarwa. Mutumin ya bar hayaƙi a bayansa, sai ta ga dole layi ya juya baya. Ya kewaye dutsen teku sau biyu yana neman mashiga, yatsanta ya kewaye mahaɗar layi sau biyu. Ta fara dariya, hawaye na zuba, ba ta tsaya ba.

"Yanzu zai koma gida!" wata ɗaliba ta yi ihu daga kan reshe. "Ga hanyar nan, Tica, ta ƙasa!"

"Wa ya gaya miki?" Garae ya tambaya, ya matso bai ma sani ba.

"Ga shi a rubuce, Sa!"

Yatsan Roslin ya dawo daidai inda Bubu ya fara. Gida ya ɗauki sowa, mata na guɗa ta shinge. Garae ya sunkuya yana bin zanen da ido.

"Tawi," in ji Roslin tana haki, "kaza ce ta karanta?"

"Ke dai ba ki da kunya," ya ce. "Ki riƙa kawo su kullum. Mai duba makarantu ya zo ya same ni."

Wani ɗalibi ya ciro takarda zai kwafa. Bubu ya buɗe ido ya miƙa tafin hannu ya shafe zanen tas. Yara suka yi ƙarar takaici.

"Kukan me kuke yi? Ga yashi nan cike da gida. Kowa ya ja nasa."

Sau uku aka ƙara kai masa ajin. Rana ta huɗu da hantsi, Roslin na ɗaura ɗankwali za ta fita, ta ji kukan Jenita ta bayan shinge. Ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka mai isarta, domin tana son tsohon nan ƙwarai. An binne shi a farar rigar.

Bayan an watse daga zaman makoki, ta leƙa gidan don ta taya Jenita kwashe tabarmi. Ƙarƙashin mangwaro ta tarar da Garae a durƙushe, gwiwar wandonsa duk yashi, yatsansa a kafe a rabin zane. Ɗalibar nan ta kan reshe na tsugune kusa da shi, tana ba shi labarin a hankali. Wata kaza ta bi ta gefen zanen tana tsattsaga, bai kore ta ba, don kada ya ɗaga yatsa.