Sadakar Dildar Begum

Ran da Dildar Begum ta kwana uku a kabari, mijinta Nurul Hakim ya ce wa surukarsa Rofika ta auna shinkafa, gobe akwai sadaka.

"Baba, wace shinkafar? Saura kwana goma sha ɗaya a yi rabon abinci. Kuma har sun cire sunan Inna daga katin rabo."

"Na ce ki auna."

A Maungdaw, kafin a ƙone musu gari, mutum ɗari uku ya ciyar a sadakar uwarsa, ya kayar da sa biyu. Yanzu a sansanin 'yan gudun hijira kati gare shi, da lamba, da layin da yake bi da buhu a kafaɗa. Abin da aka auna wa liman shi ake auna wa ɓarawo. Duk ya haɗiye. Amma matar da ta shekara arba'in tana ciyar da 'yan ƙwadagon gonarsa ta tafi ba wanda ya ci loma dominta? Wannan ya ƙi haɗiyuwa.

Ya tafi wajen Zafor, mai unguwarsu na sansani. Da can Zafor ne ke masa kiwon ɓauna. Yanzu har da alƙalami a aljihu.

"Mai gona, sa nawa za a kayar?" in ji Zafor.

"Kai dai ka sanar."

"Zan sanar. Jikokinka fa, mutunci za su ci har ƙarshen wata?"

Washegari Rofika ta dafa rabin abin da ya rage, da busasshen kifi. Mutum ashirin suka matsu a ɗakin leda. Liman ya yi addu'a. Kowa ya sa hannu, loma ɗaya, ya nemi ruwan wanke hannu.

"Ku ci mana," Nurul Hakim ya ce.

"Wallahi Kawu, a ƙoshe muke."

Shekara bakwai bai ga ƙosasshe a unguwar nan ba. Kowa ya san shinkafar wa ke cikin tiren. Ga ta kuma ta riga ta dahu, a zafin nan ba ta kai gobe.

Zafor ne ya fita ƙarshe. Ya ajiye wani ƙulli bayan ƙofa, bai juyo ba. Rofika ta kwance: shinkafa ce, gwangwani huɗu.

Nurul Hakim ya buɗe baki zai ce ta mayar masa da abinsa. Sai ya ga jikokinsa sun kewaye tiren. Ya rufe bakin.