Ɗingishin Merv Pasculli

A shagon mahauci Malama Dulcie Trengove ta tsinci maganar, tana jiran a sara mata haƙarƙarin rago. Wai ashe duk shekarun nan zaluntar Merv Pasculli aka yi. Wai ba shi ya kwaikwayi shahararren mawaƙi Rory Stallard ba. Stallard ɗin ne ya zo wasa garinsu Port Pirie a shekarar saba'in da huɗu, ya ga Merv yana jan ƙafa a kan dandamali da jitarsa, ya sace tafiyar ya kai ta Sydney da Landan, duniya ta san shi da ita. Mai ba da labarin ta ce daga bakin Clem mai ganga ta ji, kuma ai Clem ba ya ƙarya.

Dulcie ta koyar da Clem a aji huɗu. Shi ne wanda kakarsa ta rasu sau uku a zango ɗaya.

Da wani ne da ta bar zancen a nan tare da ƙasusuwa. Amma Merv maƙwabcinta ne, shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ya raba su, kuma yana kwance likita ya gama magana. A makon jiya ya roƙe ta ita za ta yi jawabi ranar jana'izarsa, wai don ita kaɗai ce a layin ba ta taɓa yaba masa ba. Ta riga ta rubuta rabin shafi a kan cewa mutum ne mai gyara wa mutane famfo ba a roƙe shi ba. Game da kiɗan kuwa ta rasa ta cewa. Shekara arba'in da 'yan kai yana sa gashin kanti da jar riga mai ƙyalli kowace Asabar a kulob ɗin tsofaffin sojoji, yana rera waƙoƙin rok na wani, da muryar wani, da ɗingishin wani. Garin duka Stallard na gwanjo suke ce masa, har a gabansa. Yanzu da mutuwa ta leƙo, kwatsam ya zama na asali. Ba ta yarda da ta farkon don kowa ya faɗa ba, ba kuma za ta tsaya gaban akwatin gawa ta maimaita ta biyun don tana da daɗin ji ba.

Ta ajiye naman a firji ta wuce laburare. Awa biyu ta yi gaban kwamfuta tana kallon tsofaffin hotunan wasan Stallard, ta rage sautin har ƙasa don ta tsira da kunnuwanta. Babur ne ya kayar da mutumin a saba'in da ɗaya, shekara uku kafin ya san hanyar Pirie. Shi ke nan labarin Clem ya bi kakarsa. Har ta ɗauki jakarta, sai ta koma ta zauna, ta mayar da hoton baya, ta gyara tabarau. Shekara talatin da ɗaya tana kallon Merv yana fitar da kwandon shara kowace Talata. Ta san ƙafar da yake ja.

Washegari da hantsi ta sami Merv a falo, inda aka mayar da gadonsa don ya riƙa ganin titi. Robar iska a hanci, gashin kantin an kifa shi a kan butar shayi kada ya lotse. Clem na gefe yana cinye biskit ɗin da aka kawo wa mara lafiya.

"Malama ta zo duba aikin gida," in ji Merv. "Clem, ɓoye hannunka."

Ta zauna ta tambayi Clem, a hankali, wace rana ce Stallard ya yi satar. Clem ya ce shi dai ranar ta shige masa, amma kowa ya sani. Ta tambaye shi kowa ɗin a bakin wa ya ji. Ya dubi biskit ɗin hannunsa kamar a jikinsa amsar take.

"Ƙyale shi, Malama. Ni ma jiya na ji labarin, ya kuma yi mini daɗi," in ji Merv. "A talabijin na koya. Ɗakin uwata, na tsaya gaban akwatin, in ya yi in yi."

"Kana fuskantarsa?"

"Da ƙeya zan kalle shi?"

"To shi ƙafar dama yake ja, Mervyn. Kai ta hagu."

 Merv ya dubi tudun ƙafafunsa a ƙarƙashin bargo, ya motsa ɗaya, ya motsa ɗayar. Ya ɗaga hannu kamar mai tsayawa gaban madubi, ya juya shi. Dulcie ta ga lokacin da ya gane, kamar yadda ta sha gani a fuskokin 'yan aji, sai dai wannan ya makara da shekara arba'in. A karo na farko ta yi tunanin da ma ta bar bakinta a laburare.

"Clem," ya ce, "kai da kake zaune a bayana kowace Asabar. Me kake kallo?"

"Ganga nake kallo, aboki. Ni aka ba wa ƙafarka ajiya?"

Ta ƙara masa da sauran, tunda an fara. Stallard an yi masa aiki a ƙugu tun casa'in da biyu, ya miƙe sarai, har rawa yake yi a hotunan baya-bayan nan. Merv kuwa likitan ƙashi ya daɗe da gaya masa ƙugunsa na hagu ya cinye, bai kuma taɓa faɗuwa daga kan komai ba.

Dariya ta kama Merv, ta rikiɗe tari, tarin ya koma dariya, har Clem ya tashi ya riƙe masa kofin ruwa. Da numfashi ya dawo ya share ido da gefen bargo.

"Ashe shi ya warke ya bar ni da ɗingishin. To haka za ki faɗa, Malama. Kada ki gyara mini maki."

Ya rasu ranar Talata da safe, motar shara na ƙugi a layin. Dulcie ce ta fitar masa da kwandon.

A kulob ɗin aka yi taron, ƙarƙashin fitilun da ya sha tsayawa. Masu ɗaukar akwatin su shida sun shirya za su shigo da shi suna ɗingishi don girmamawa, amma a bakin ƙofa gardama ta kaure: uku sun ce dama, tunda ita ce daidai, uku sun ce hagu. Akwatin ya shigo yana tangaɗi kamar kwalekwale, Clem na gaba yana canja ƙafa duk taku biyu don kada ya ɓata wa kowa.

Dulcie ta jira aka ajiye shi. Ba ta buɗe takardarta ba.

"Rory Stallard bai saci komai a wurin Mervyn ba, bai ma san da shi ba," ta ce. "Mervyn ne ya kwaikwaye shi, murya da riga da gashi. Tafiyar ma ya kwaikwaya, da ƙafar da ba ita ba. Stallard ya yi shekara ashirin da ɗaya yana ɗingishi. Mervyn ya yi arba'in da biyar."

Ta koma kujerarta. A kan murfin akwatin an ɗora takalmansa na wasa gefe da gefe. Dunduniyar na dama tana nan kamar sabuwa, ta hagun ta cinye har ƙusa ta fito.